Lensin 50mm da na saya a Kasuwar Gumi: abun da na gani bayan wata takwas

Wata takwas ke nan cif da na sayi ƙaramin lensin nan na Canon, 50mm f/1.8 STM, kuma tun lokacin abokai ke damuna da tambaya, wai ya yake, wai su saya ko su ƙara haƙuri su tara kuɗin babba, wani ma cewa ya yi in ara masa ya je biki Zariya da shi. Ban bayar ba. Ni ba na aron lensi, gara ka ce in ara maka mashin. To bari dai in zauna in faɗi abun da na gani sau ɗaya kowa ya huta, amma ku yi haƙuri don zan ɗan yi nisa, abun nan ya taɓa ni ta inda ban zata ba.

Ni dai ba ƙwararre ba ne, koyarwa nake yi, hoto na Asabar da Lahadi ne, suna, walimar sauka, ɗaurin aure, wani lokaci kamu in matan sun yarda namiji ya shiga. Kyamarata Canon 600D ce, tsohuwa, tun 2011 aka fito da irinta, megafiksal 18, na saye ta ta hannu tare da lensin da ake haɗo ta da shi wato 18-55, daga baya na ƙara dogon nan 75-300 saboda a lokacin gani nake duk wanda ya rataya dogon lensi shi ne mai hoto. Kun san halinmu.

Shagon da na saya yana cikin Kasuwar Gumi a Kaduna, ba zan kira suna ba don abun da ya faru tsakaninmu ya wuce. Yaron shagon ya ɗauko min ɗaya a leda, tsaf da shi kamar sabo, na ɗaura a kyamara na ɗauki hoton kwalayen da ke kan kanta, ya fita ras, na biya na kama gabana. Sai da daddare a gida, an ɗauke wuta ina zaune ba abun yi, na cire shi na buɗe murfin gaba da na baya na haska fitilar waya ta ciki, sai ga wani abu fari-fari kamar saƙar gizo-gizo a gefen gilashin, da 'yan rassa kamar jijiyar ganye. Fumfuna ce. Tana kama lensin da ya daɗe a ajiye a wuri mai laima, kuma in ta daɗe tana cin fentin da ke kan gilashin, ko an wanke tabon na nan. Washegari na koma, yaron ya ce, "Haba Malam, ai wannan ba ya fitowa a hoto." Na ce masa yau ba ya fitowa, damina fa? Muna cikin ja-in-ja maigidan ya shigo, dattijo mai farin gemu, ya karɓa ya ɗaga sama ya kalli haske da shi ko minti ɗaya bai yi ba ya ce, "Canza masa." Ya ɗauko wani, ya miƙo min fitilarsa da kansa ya ce in duba a gabansa. Don haka shagon in za a tambaye ni, maigidan mutumin kirki ne, yaron kuma ku je da fitilarku. Duk wanda zai sayi lensi na hannu a Kaduna ko a ina ma, ya haska cikinsa, ya juya zoben saiti ya ji ko yana kartar wani abu, ya ɗauki hoton farar takarda ya duba ko akwai tabo. Minti biyar ne kawai.

Shi kansa lensin ba wani abun kallo ba ne. Ƙarami, nauyinsa giram 160, in ka sa a aljihun kaftani ma mantawa za ka yi da shi. A 2015 aka fito da shi, ya gaji wani tsoho da ake sayarwa tun 1990, wancan gindinsa roba ne wannan kuma ƙarfe, wancan fiffike biyar ne a ƙofar haskensa wannan bakwai, shi ya sa fitilun da ke bayan mutum suke fitowa a mulmule ba masu kusurwa ba. Yana iya kama abu daga santimita 35, bakin filtarsa 49mm. Motar saitinsa ba ta da ƙara sosai, wani ɗan zuuu ne kawai, in kana bidiyo a wuri shiru makirfon kyamara zai ɗan ɗauka. Lokacin da ya fito dala 125 ne sabo, wato yana cikin mafi arahan lensin kamfanin, ni kuma abun da na biya bai kai rabin kuɗin wayar da ke aljihuna ba. Ba ya zuwa da hula, wato robar da ake ɗaurawa a bakin lensi don tare hasken gefe, ita daban ake saye. Ba shi da abun nan mai rage rawar hannu. Kuma babban abun, ba shi da zum. Ko kaɗan. Yadda ka leƙa ka gani haka za ka ɗauka, in kana son ƙari ko ragi sai dai ƙafarka ta yi aiki.

Makon farko wallahi nadama na yi. Hannuna ya saba da murɗa zum, sai in kai hannu in murɗa in ji wayam. Ga shi 600D sensarta, wato farantin da ke kama hoto a cikinta, ƙarama ce, ana ninka tsawon lensi da 1.6, wato 50 ɗin nan a jikinta kamar 80 yake gani, ya matse sosai. Akwai sunan da na je a Unguwar Shanu, ɗaki ɗaya ciki da falo, mai jego da 'yan'uwanta su kusan goma sha biyu suna so a ɗauke su tare, na ja baya na ja baya har bayana ya bugi kofa, mutum huɗu kawai ke shiga, wata gwaggo ta ce, "Ɗan nan ko dai ba ka iya ba ne?" Dole na sauya na mayar da tsohon 18-55 ina jin kunya. Wannan kam ba sai an ɓoye ba, in aikinka hoton taron dangi ne a ƙananan ɗakunanmu, 50mm a kan ƙaramar sensa zai ba ka wahala, ka nemi 24mm ɗin nan mai kama da faifai, shi a jikin irin kyamarata kusan 38 yake gani, ya fi dacewa da ɗaki. Haka ranar da na je kallon ƙwallon dawaki a filin folo na kusa da Murtala Square, dawakan can nesa sun fito min kamar ƙudaje a kan tabarma. Wurin dogon lensi ne, ba gardama.

To me ya hana ni sayar da shi? Nan ne labarin yake.

Na lura Hausa tana da kalmomi da yawa na aikin ido, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai gani, akwai kallo, akwai duba, akwai leƙe, akwai hange, akwai ƙura ido, akwai lura. Shekara uku da na yi da dogon lensi hange nake yi, in tsaya tsallaken titi a Kawo in jawo fuskar mai rake ko mai faci ba tare da ya san da ni ba, in dawo gida ina jin daɗi wai na kama rayuwa yadda take. Amma in na buɗe hotunan yanzu ba na iya tuna komai game da mutanen, ban san muryarsu ba, ban san ko wane gari suka fito ba, kuma in faɗi gaskiya akwai ɗan kamshin sata a ciki, wanda ba a yi wa sallama ba an ɗauke masa fuska. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, da ma an faɗa. Shi kuwa wannan ɗan lensin in kana son fuskar mutum daga kai zuwa ƙirji sai ka matso kamar taku biyu ko uku, kuma a garin nan ba yadda za a yi ka tsaya taku uku gaban dattijo ka ɗaga masa kyamara ba ka gaishe shi ba. Sai ka yi sallama. In ka yi sallama sai an tambaye ka daga ina, hoton na mene ne, ina za ka kai shi. Wasu za su ce a'a, akwai masu ƙin hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai masu tsoron a watsa su a Facebook ana dariya, kuma duk suna da gaskiyarsu, sai ka ce na gode ka wuce. Hotunana sun ragu sosai, da in na fita ina dawowa da ɗari uku, yanzu talatin ma da ƙyar, amma kowane ɗaya na san yadda aka yi aka same shi.

Wanda ya fi tsaya min shi ne wani Baba mai ɗinki a Kasuwar Barci. Layin nan na teloli na fi shekara ashirin ina bi ta cikinsa, tun ina yaro ake aikena karɓo ɗinkin sallah, amma ban taɓa tsayawa na kalli kowa ba, ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Ranar na kai gyaran wando ne, kyamara na rataye a kafaɗa, na zauna kan benci ina jira. Wajen ƙarfe biyar saura, rana ta karkata, akwai wata 'yar ɓula a kwanon rumfar sai haske ya ratso ta nan kamar sanda ya sauka daidai kan hannunsa lokacin da yake ƙoƙarin zura zare a allura. Ya lashi bakin zaren, ya murza da yatsa biyu, ya ɗaga allurar sama saitin hasken, ya kanne ido ɗaya, tabaransa ya zamo kan hanci an ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare. Zaren ya kauce. Ya sake. Ƙurar yadi tana yawo a cikin hasken nan kamar garin gero. Na ce, "Baba, don Allah ka yarda in ɗauki hannunka?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hannu kuma? Mutane na ɗaukar fuska kai hannu?" Ya yi dariya ya ce in ɗauka amma kar in sa shi ya tsaya, aiki ne a gabansa. Na durƙusa, na buɗe ƙofar haske zuwa 2.2, na sa ɗigon saiti na tsakiya, wato alamar da ke nuna wa kyamara inda za ta kama ya fita tas, a kan babban yatsansa, sau huɗu na danna. A na uku zaren ya shiga. Da na duba bayan kyamara sai da gabana ya faɗi, ga kantar da almakashi ya yi masa a gindin yatsa, ga farce da ya tsage, ga bakin zaren da ya leƙo ta ɗaya gefen allurar, duk sauran shagon kuwa ya narke ya zama kala-kala kawai, shuɗin shadda da ruwan ƙasa. Minti biyu bayan nan hasken ya matsa ya koma kan ƙasa, shi ke nan.

Bari in ɗan yi bayanin lambar nan 1.8 don ita ake saye ba wani abu ba. Lambar tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga ne, ana raba tsawon lensi da faɗin ƙofar, to 50 a raba da 1.8 ya ba ka ƙofa mai faɗin kusan milimita 28. Ƙaramar lamba babbar ƙofa. Tsohon lensina in na jawo shi zuwa 55 ƙofarsa ba ta wuce 5.6, in ka yi lissafi hasken da wannan ke sha ya kusa ninki goma na wancan. Ma'ana bayan magariba a teburin mai shayi, da ƙwan fitila ɗaya rataye a kan waya, zan iya ɗaukar hoto ba filasha, tururin shayin na tashi ana ganinsa, fuskokin mutane da launin wutar yadda yake, maimakon filashar nan da ke wanke fuska ta mayar da kowa kamar an kama shi da laifi. Sai dai babbar ƙofa tana da kuɗinta. Wurin da ke fita tas siriri ne ƙwarai, in ka matso kusa a 1.8 za ka iya samun ido ɗaya ya fita ɗayan ya yi dishi-dishi, ko ka samu kan hanci ya fita idanu sun tafi. Na yi asarar hotuna da yawa haka a farko, ina buɗe shi gaba ɗaya a komai kamar sabon shiga da ya samu mota. Daga baya na gane a 1.8 hoton yana ɗan yin laushi, daga 2.8 yake fara kaifi sosai, a 4 zuwa 5.6 kuwa sai ka ƙirga zaren aikin hula. Mutum biyu ko uku a tare kar ka sauka ƙasa da 4. Kuma tunda ba shi da mai rage rawar hannu ni ba na barin saurin ƙiftawar kyamara ya gaza 1/125 na daƙiƙa, gara in ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600 hoto ya yi ɗan tsakuwa-tsakuwa da ya fito a girgize. Masu 600D ku riƙe ɗigon tsakiya, cikin ɗigo taran nan shi ne ya fi kama abu a duhu.

Wani zai ce ai wayata ma tana narkar da bayan hoto. Tana yi, amma lissafi ne take yi ba gilashi ba, tana zana iyakar mutum ne ta goge sauran, shi ya sa in ka duba bakin gyale ko gashin gemu ko ƙafar tabarau za ka ga ta ci wani wuri ta bar wani. Wannan ma ba shi ya fi damuna ba. Abun da ya fi damuna yadda wayoyin yanzu ke goge fuska, su share tamoji, su haska fata, har zanen gado na fuskar tsofaffi suna neman shafewa, a ɗauki kakarka a ba ka wata mata da ba ka sani ba. Na ɗauki Innarmu a bakin ƙofar ɗakinta da safe, ita a ciki haske na shigowa daga tsakar gida ta gefe ɗaya, billenta ya fito, layukan goshinta suka fito, ƙanwata ta ce kai Yaya ka tsufar da ita, ita kuwa Inna ta daɗe tana kallo ta ce ta ga fuskar mahaifiyarta. Ban ce komai ba.

Af, tunda na ambaci bakin ƙofa, mafi kyawun haske a gidajenmu kyauta yake, zaure da bakin ƙofa da ƙarƙashin rumfa. Ku daina jera mutane a tsakiyar rana ƙarfe ɗaya. Baƙar fata da farar shadda a rana tsaka ba ƙaramin ciwon kai ba ne, kyamara tana ganin farin ta rage haske sai fuskar ta duhunce, hula kuma ta jefa inuwa a ido. Ka ja mutum inuwa ya fuskanci inda haske ke fitowa, ka auna hasken a kan fuskarsa ba kan riga ba. Da hunturu kuma hazo ya zame mana labule kyauta, rana ta yi laushi tun safe, na je lambun Gamji wajen tsohuwar gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, bishiyoyin bakin kogi suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya cikin fari, abun sai wanda ya gani. Amma ƙurar ba ta da mutunci, lensin nan ba a toshe shi don ƙura ko ruwa ba, kar ka canza lensi a waje, ka sa masa filta mai tsabta, wato gilashin kariya da ake ɗaurawa a bakinsa, kuma bakinsa yana ɗan fitowa in yana saiti, zoben nasa kuma ba ya aiki sai kyamara na kunne, don haka ka saita shi a abu mai nisa ya koma ciki kafin ka kashe ka jefa a jaka.

Akwai wani abu da lensin nan ya tuno min. Muna yara a Tudun Wada ɗakinmu tagar langa-langa gare shi da wata 'yar huda da ƙusa ta bari, in aka rufe mu da rana wai mu yi barci, sai mu ga mutanen da ke wucewa a lungu suna tafiya a jikin bango kai a ƙasa ƙafa a sama, mu yi ta tsoro muna cewa aljanu ne. Ashe kyamara ce muke kwance a cikinta. Kalmar ma asalinta daga Latin take, ɗaki take nufi, ɗaki mai duhu. Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi zamansa a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya yi bayanin wannan hudar, kuma shi ya kafa hujja cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shigo ido, ba ido ne ke harba wani abu waje ba kamar yadda wasu magabata suka ɗauka. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya a Faransa hanyar kama wannan hoton ya zauna a kan faranti. Ni abun da na ɗauka a ciki shi ne mai hoto ba harbi yake ba, jira yake abu ya shigo masa, aikinsa ya san inda zai tsaya da lokacin da zai buɗe ƙofa. Kuma da yake firam ɗin lensin nan ɗaya ne ba ya canzawa, bayan wata biyu sai na ga idona ya haddace shi, ina cikin keke napep a Ahmadu Bello Way ba kyamara a hannuna amma ina yanka gari gida-gida a kaina, wannan zai shiga, wancan allon talla zai ɓata, in na matsa hagu taku ɗaya sandar wuta za ta fita daga kan mutumin. Ido ba mudu ba amma ya san kima. Da zum ba na yin wannan tunanin, murɗawa kawai nake har abun ya cika firam.

Ba ni na fara gano wannan ba balle in yi ta baki. Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu hoto ta Magnum a 1947, yawancin aikinsa da 50mm ya yi shi a kan kyamarar Leica. Amma ni waɗanda suka fi burge ni namu ne na nan yankin. J.D. Okhai Ojeikere ɗan Najeriya ne, daga 1968 ya kama ɗaukar kitson mata, kusan hoto dubu, da yawa ma ta ƙeya ya ɗauke su ba fuska, abun da kowa ke gani kullum a gida da kasuwa ba wanda ya ɗauke shi abun ajiyewa sai shi, yau ga shi a gidajen tarihi na duniya. Seydou Keïta kuma a Bamako ya buɗe situdiyonsa a 1948, da hasken rana yake aiki a tsakar gida, ya rataya zani mai zane a baya, mutane su zo da kwalliyarsu su tsaya kusa da rediyo ko babur ko mota. Da na fara ganin hotunansa na ɗauka kayan nan ado ne kawai. Baba mai ɗinki ne ya fahimtar da ni ba haka ba ne.

Kafin in kai can, masu tambaya su saya ko kar su saya. In kana da kyamarar Canon mai madubi a ciki irin tawa, ko sabbin nan marasa madubi da adafta mai haɗa su da irin wannan lensin, kuma lensin da aka haɗo ka da shi kawai gare ka, saya, ban san wani abu a wannan kuɗin da zai canza hotonka kamar shi ba. In hoton fuska kake yi, amare, yara, kayan sayarwa irin su turare da takalma da atamfa, saya. Masu Nikon da Sony ku ma kuna da naku 50 ɗin. In kuwa lensi ɗaya tak za ka iya riƙewa kuma da shi kake cin abinci a wajen biki, inda za a ce maka yanzu ɗauki ango shi kaɗai yanzu ɗauki abokan ango su talatin, to kar ka yar da zum ɗinka, wannan na biyu ne ba na farko ba. Ni yanzu duka biyun nake fita da su, amma in fitar tawa ce ba ta kuɗi ba shi kaɗai nake ɗauka.

To bayan mako biyu na wanke hoton hannun nan babba, na sa a firam na kai wa Baba Kasuwar Barci ina ta jin kaina, na ma riga na shirya yadda zan amsa yabo. Ya goge hannu a riga ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya nisanta, ya juya shi gefe. Maƙwabcinsa mai aikin surfani ya leƙo ya ce kai wannan hoto ya yi. Baba bai ce uffan ba sai can ya ce, "Yaro, ina keken?" Na ce wane keke Baba. Ya dafa kan keken ɗinkinsa, tsohuwar Butterfly baƙa da zanen ruwan zinari duk ya goge, ya ce wannan, ita ta aurar da 'ya'yansa, ita ta kai shi Makka, na zo na ɗauki hoto a shagonsa na mayar da ita hayaƙi. Na duba hoton, gaskiya ne, tana nan a baya amma wani baƙin dunƙule ne kawai, ni da kaina na narkar da ita don kar ta janye ido daga allurar, kuma har a lokacin ina ganin daidai na yi. Na fara yi masa bayanin ƙofar haske ya ɗaga min hannu ya ce shi bai san wannan ba, in dawo gobe da safe zai sa babbar riga.

Na dawo ƙarfe tara. Ya sa farar riga da hula zanna, ya goge keken da mai har tana ƙyalli, ya zauna a bayanta ya ɗora hannu ɗaya a kan wilin, ya kafe ni da ido ba murmushi ko kaɗan. Na ja baya har cikin layin sai da wani mai baro ya yi min tsawa, na rufe ƙofar zuwa 5.6 don shi da keken da tef ɗin awo da ke wuyansa duk su fita, na ɗauka sau biyu ya ce ya isa. Wannan na biyun shi ne yanzu rataye a shagon saman inda yake jera zare, in kun bi layin za ku gan shi. Na hannun kuma ya ce in tafi da abuna, yana jingine a kan teburina, kuɗin gyaran wandon ma ya ƙi karɓa.